Masu kiɗa da pad a bukukuwan Damagaram, kowa ya faɗi abin da ya gani

Mai pad na Zango:
Salamu alaikum 'yan uwa makaɗa. Shekara biyu ke nan ina kaɗa pad, wato gangar lantarki mai faifan roba da ake bugawa da sanda, a wurin biki, Roland SPD-30 ce gare ni, wadda ake ce ma Octapad, mai faifai takwas, sakan han na saye ta a Kano. Gaskiya ta rage mini wahala sosai don da sai mun ɗauki mota saboda ganguna, yanzu jaka ɗaya ce na goya ta a kabu-kabu na tafi. Amma abin da ke damuna, duk inda aka zo kiɗan mata, an zagaye amarya ana liƙi, sai in ga rawar ba ta tashi kamar yadda take tashi da kalangu, ni kuma na san hannuna bai canza ba. Waɗanda suka yi aiki da ita a fili ba cikin situdiyo ba ku faɗa mini yadda kuka yi.

Ɗan sono (mai kayan sauti) na Sabon Gari:
Wa alaikumus salam. Yaya kafin a zo maganar rawa bari in fara da kuran. Wani biki a Mirriya gurup muka tada, wato injin wuta, ana cikin kiɗa mai gurup ɗin ya ƙara mishi firiza biyu, tansiyon ya faɗi ya dawo da ƙarfi, sharjar pad ɗin abokina ta ƙone nan take. Washegari ya sayi wata a kasuwa don ya ga bakin ya shiga, ashe ba nan kaɗai ake dubawa ba, pad ɗin volt 9 take ci kuma tsakiyar filogin nigatif ne, yawancin na kasuwa akasin haka suke. Allah ya taimaka mai gyara ya gani kafin a jona. Tun daga ranar ba na jona pad sai ta bayan regilatar mai daidaita ƙarfin wuta, kuma ba layi ɗaya da ampili ba.

Makaɗin Garin Malam:
Ni ƙura ce ta koya mini hankali. Lokacin hunturu in ka yi wasa biyu a fili sai ka ji jak, wato bakin wayar sauti, yana ƙarar-ƙarar a bafil (lasifika), ramukan bayan pad ɗin sun cika. Yanzu wanda ba na amfani da shi na toshe shi, in an tashi in goge da busasshen ƙyalle in sa a jaka. Watan Afrilu da Mayu kuma da zafi ke wuce digiri 40 kar ka bar ta a rana ko na awa ɗaya, nemi rumfa.

Ɗan gidan makaɗa na Birni:
Ƙanena mai tambaya, matsalarka ba ta hannu ba ce. Ni a gidan kiɗa na tashi, baba da kakana duka kalangu suka kaɗa, kuma ni ma na riƙe pad yanzu shekara huɗu don haka ba ƙinta nake ba. Kalangu magana yake yi. Kana matse tsirkiya a hammata murya ta hau, ka saki ta sauka, da haka ake kiran sunan mutum, ake mishi take, Hajiya na zaune can nesa ta ji an kaɗa taken gidansu ta miƙe da kanta ba wanda ya kira ta. Faifan roba in ka buga sauti ɗaya zai ba ka, ƙarfinsa ne kawai ke bin ƙarfin sandarka. Kuma kiɗan da ke cikin SPD-30 na kamfani ne, akwai konga akwai jembe akwai tabla ta Indiya, amma ba ka iya zuba naka sautin a cikinta. Shi ya sa na koma SPD-SX, wadda ta fito 2011, faifai tara, ita tana ɗaukar sauti. Na zaunar da baba a ɗaki da dare bayan gari ya yi shiru, na kafa mikro, ya buga mini kalangu murya uku, ƙasa da tsakiya da sama, da wanda ake matsewa bayan bugu yana lanƙwasa, sannan kuntuku da ganga. Na mai da su fayil ɗin sauti na WAV na zuba ta kile USB na raba wa faifan. Ranar farko da na kaɗa a biki wata tsohuwa ta zo tana leƙa bayan bafil tana neman mai kalangun. Wallahi sai da idona ya kawo ruwa don hannun baba ne ta ji. Amma duk da haka take ba ya fita daidai, murya uku ba su isa magana ba, baba da kansa ya saurara ya ce kiɗan ya yi, maganar ce ba ta fito ba.

Mawaƙiya daga Magariya:
Malam gaskiya ka faɗa. Mu da muke waƙa muna jin bambancin tun kafin 'yan rawa su ji. Abin da ya fi ba ni wahala shi ne in an saki luf, wato kiɗan da aka naɗa a pad, yana ta maimaita kansa, ni ina so in ja baiti don uwar amarya ta shigo fili, injin ba ya jira na. Mai kalangu kuwa ido kawai zan mishi ya sassauta. A ƙungiyarmu pad na riƙe gindin kiɗa, yaro ɗaya da kalangu na gaske a gaba da mikro nasa, kuma na roƙi mai pad ɗin ya bar luf ya buga da hannunsa in an zo liƙi.

Mai pad na Zango:
Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Yaya na Birni, in baba zai yarda ina so in zo gaishe shi in ji kalangun a hannunsa, kuɗin canza pad ba su samu ba tukuna. Asabar mai zuwa muna da biki a Matamaye, zan ɗauki ɗan ƙanen mahaifiyata da ke kaɗa kalangu mu gwada yadda Hajiya ta Magariya ta ce, regilatar kuma gobe zan shiga Kasuwar Dole in nema.