Makulli ya maƙale a cikin kwaɗo, ya ƙi fita

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Don Allah masu sani ku agaza min da shawara.

Kwaɗon ɗakin ajiyata ne, ya sha ruwan sama duk damina. Tun kwanaki yake tauri, ni kuma da ganganci na ɗura masa man girki. Ya yi laushi kwana biyu, daga baya man ya haɗu da ƙura ya zama kamar danƙo. Jiya na sa makulli, ya juya rabi ya tsaya cak. Gaba ya ƙi, baya ya ƙi, kuma na san muddin bai koma yadda ya shiga ba, ƙananan ƙusoshin ciki ba za su sake shi ba.

Na fesa WD-40, wato man feshi mai sassauta tsatsa, na ɗan bubbuga gefen kwaɗon da guduma, shiru. Garin murɗawa har wuyan makullin ya ɗan lanƙwashe, shi ya sa nake tsoron kama shi da filaya, kar ya karye a ciki. Shi kaɗai gare ni.

Wani ya ce in zuba garin bakin fensir. To a kan wannan maiƙon, ba ƙara toshewa zai yi ba? Ko in fara wanke cikin da kananzir? Yankewa dai ba na so, kwaɗon mai kyau ne.