Neman kalma: me za mu kira kayan cikin mota da ake nomawa?

Mai tambaya: Jama'a, ku taimaka mani. Ina shirya wani ɗan bayani na rediyo kan kujeru da bangon ƙofar mota da ake yi da abin da ke tsirowa, ba robar da ake samu daga man fetur ba. Turawa na ce masu "bio-based materials". A 2022 kamfanin Mercedes-Benz ya nuna motar gwaji, Vision EQXX, wadda aka yi wani ɓangare na kujerunta da saiwar naman kaza, dardumarta kuma da zaren gora. Na rubuta "fatar naman kaza", sai ƙanwata ta leƙo takardar ta ce wa zai zauna kan fatar kaza. Na goge.

Malamin Hausa a Daura: Ƙanwar taka ta fi ka kunne. Ni zan ce "kaya masu sabuntuwa", tunda abin da ake nufi shi ne in an yanka wani zai fito.

Mai ɗinkin kujerun mota, Ƙofar Ƙaura: Allah gafarta Malam, wannan ta allo ce. Wa zai shigo rumfata ya ce a sa mashi mai sabuntuwa? Abu uku muka sani: fata, leda, yadi. Kuma don Allah kada kowa ya kawo "leda" cikin maganar nan. Asalinta sunan fata ne a bakin Turawa, amma a nan ta koma roba, wadda ke tsattsagewa in rana ta dake ta shekara biyu, soso ya leƙo. Kuka ce "ledar tsiro", an gama ɗauka jabu ce.

Wata ɗaliba mai karatun noma: Baba, ai abin ma ba baƙo ba ne. Motar BMW i3 da ta fito a 2013, da zaren rama aka yi bangon ƙofarta. Ramar nan dai da muke kwaɗawa da ƙuli, a tuƙa igiya da ɓawonta. Ana cakuɗa zaren da roba a matse, sai ya fi roba zalla rashin nauyi, motar lantarki kuwa duk nauyin da aka rage mata ƙarin tafiya ne. Fatar kujerunta ma da ruwan ganyen zaitun aka jeme ta, kamar yadda majemanmu ke yi da bagaruwa. Ford kuma tun Mustang ta 2008 suke sa man waken suya cikin soson kujera. Ni "kayan tofo" ta kwanta mani. Ka sare reshe ya yi tofo, fetur kuwa in an haƙo shi ke nan.

Malamin Hausa: Toho dai, 'yata, in Katsinanci za mu yi. Amma kin burge ni. Tofo ya fi tsiro, don tsiro fitowar farko ce, tofo kuwa dawowa bayan an yanke.

Wani baduku: Na yarda da kayan tofo, amma ta naman kazan nan ban yarda a ce mata fata ba. Abin da ba a feɗe ba ya zama fata?

Ɗalibar: Kawu, ba a feɗe ta ba amma ana jeme ta. Kan dusar katako ake shuka saiwar, cikin kamar mako biyu ta saƙe kanta ta yi kauri kamar tabarma, a ɗaye, a jeme, a rina. Sai dai galibi ana shafa mata 'yar roba a sama don ta jure guga, kada mai rediyo ya ce babu roba ko kaɗan.

Baduku: To a ce "kirgin tofo". Kirgi ai sai an jeme yake kirgi.

Mai tambaya: Na ɗauka. Kayan tofo ga dukkansu, kirgin tofo ga mai kama da fata. Ranar Asabar zan gwada su a shirin in ji ko masu kira za su maimaita.

Mai ɗinkin kujeru: Ka tambayo mani ko kirgin nan zai jure ranar watan Afrilu, mota a kulle a bakin kasuwa. In zai jure, a kawo mani yadi biyu in gwada allura.