Musayar waƙa: jarumar da ta ɗauki fim a kanta

Ɗan Tudun Wada, Gusau:
Jiya na kalli fim ɗin samarin garinmu, na matar da anka kashe tare da ɗanta, ta taso ta zama mayya tana shan jinin mutum 3 da sunka aikata. Ga nawa, mai baiti shi amsa.

Kyamara guda, janareto yana ta tari,
Jinin zoɓo ne, kowa ya gane sirri,
Haƙoran roba anka sayo a Sabon Gari,
Amma ban ƙifta ba in an nuno fuskatta.

Ba ta kururuwa, ba ta yarfa hannu,
Ta shigo zaure tana taku sannu-sannu,
Wanda yak kashe ta har yak kore shanu,
Ya saki buta da yag ga idonta.

'Yar Argungu:
Yaya, idon na yarda. Amma ku daina ce mata mayya.

Mayyarmu ta gida kurwa take kamawa,
Wagga wuya take cizo, aron Turawa,
Tana gudun tafarnuwa da rana mai fitowa,
Madubi ma ba shi nuna kamatta.

Sai ga ta tsaf a madubin babur da dare,
Darakta da mai tacewa sun makance tare,
Ba don ita ba da ban jira shi ƙare,
Kayan mutum goma ta ɗauko a kanta.

Malamin makaranta, Talata Mafara:
Gwaninta na gani, ba ni musantawa,
Amma ramuwa da jini ba abin yabawa,
Zamfara ta ga jini har ya kai ginsawa,
Kar yaranmu su tashi suna sha'awatta.

Inna daga Ƙaura Namoda:
A gafarce ni, Malam, ko ba ka kai inda ta gama da na ƙarshe ta koma gida ba? Ni ma ɓarayin daji sunka raba ni da ɗana.

Ta ga takalmin ɗanta ƙarƙashin gado,
Ba kiɗa, ba magana, ba wani ado,
Hawaye guda ya tsaya mata a ido,
Ta goge takalmin da bakin zanenta.

Ni ma na nawa yana nan cikin adaka,
Shekara ukku ke nan ban iya kuka,
Sai da yarinyar ga tad durƙusa a ɗaka,
Nar riƙe waya ina kuka da kukanta.

Malamin makaranta, Talata Mafara:
Allah shi jiƙan shi, Hajiya, shi ba ki dangana,
Na yi gaggawa, rabi nag gani niy yi magana,
In an kawo wuta kafin faɗuwar rana,
Zan koma in kai wurin takalmin ɗanta.