A biya matan takiyya, ko aikin Allah ne?

Ma'aji: Salamu alaikum. Lissafin takiyyarmu ta nan Gadarif a Sudan, wato wurin da muke dafa abincin sadaka ga waɗanda yaƙi ya koro, na wannan wata ya kammala, duk wanda ya turo ta manhajar banki ta Bankak zai ga sunansa. Kuɗin sun tafi inda suka saba tafiya: dawa, adas (wani irin wake), mai, albasa, itace, niƙa, da mai amalanken da ke kawo ruwa. Magana ɗaya ce ta hana kwamiti tashi jiya. Malama ta kawo shawarar a riƙa cire wani abu duk wata ana ba mata 9 ɗin da ke girki. Muka yi ta ja har aka kira isha'i, ba mu tsayar da komai ba. Tunda kuɗin naku ne, ga maganar nan a gabanku.

Alhaji na Jidda: Wa alaikumus salam. Tawa gajeriya ce. Ranar da aka fara biyan masu girki daga kuɗin nan, ranar takiyya ta tashi daga sadaka ta koma kamfani. Na turo ne don mai jin yunwa ya ci, ban turo albashi ba. Duk fam ɗin da ya shiga hannun mai girki, ludayi guda aka rage daga kwanon wata mai marayu da ta gudo daga Sinja. Su kansu matan ma cutarsu za a yi, a karɓe musu ladan lahira a ba su 'yan takardu.

Malama: Baba Alhaji, barka da dare. Don Allah ku sake duba lissafin da Ma'aji ya turo, layi bayan layi. Mai itace an biya shi. Mai injin niƙa an biya shi. Mai amalanke an biya shi, har jakinsa ya samu kuɗin dusa. Yaran da suka sauke buhuna daga mota an sallame su. Duk maza ne, kuma ban ji wanda ya ce ladansu ya zube ba. Sai da aka iso kan waɗanda ke tsaye a gaban wuta tun asuba har azahar, sannan aka tuna da lahira.

Alhaji na Jidda: 'Yata, kada ki haɗa. Mai itace haja ya kawo, ciniki aka yi. Matan nan babu wanda ya ɗauke su aiki, su suka kawo kansu.

Malama: Su ma haja suke kawowa, Baba. Wuninsu ne hajar. Bambancin kawai nasu ba ya shiga buhu balle a auna.

Auta na Riyad: Ni dai ina bayan Alhaji. Ku tuna samarin ɗakunan agajin gaggawa a Khartoum da Omdurman tun da yaƙi ya ɓarke ranar 15 ga Afrilu, 2023. Suna dafa abinci, suna kwashe marasa lafiya, harsashi na wucewa ta kansu, an kama wasu, an kashe wasu. Wa ya sa musu albashi? Abin da ya sa duniya ta ɗaga musu hula ke nan har aka yi maganarsu a kyautar Nobel. Nafir muka gada, abin da kakanninmu ke kira gayya. Ba a biyan ɗan gayya.

Malama: Auta, ka taɓa ganin gayyar da ta kwana biyu? Gayya wuni guda ce, mai gona ya ciyar da ku, gobe a koma gonarka. Tukunyar nan an ɗora ta ne tun da muka fito daga Madani a Disambar 2023, aka zuba mu a azuzuwan makaranta. Da Sinja ta faɗi a tsakiyar 2024 aka ƙara tukunya biyu. Har yau ba a sauke ba. Yaushe za a koma gonar Goggo mai girki?

Goggo: Salamu alaikum. Ni ce 'yar Goggo nake rubutawa, tana faɗa mini. Ta ce a gaida Alhaji, Allah ya saka masa, ba don irinsu ba da tuni murhu ya yi sanyi. Ta ce ita ba ta roƙi kowa ba, kuma ba ita ta aiki Malama ba. Amma tunda an tambaya za ta faɗi gaskiya. A Madani shayi da kofi take sayarwa a bakin tasha, da shi ta riƙe gida shekara da shekaru. Nan ma tana iya kafa teburi a kasuwa, kayan shayinta ne kaɗai abin da ta fito da shi. Sai dai shayi na safe ne, girkin takiyya ma na safe ne. Ta ce mutum ɗaya ba ya hawa jaki biyu. Ta ce abinci kam suna ci, a nan suke ci su da yara, ba ta musu. Amma tukunya ba ta ba da sabulu, ba ta ba da kuɗin magani, kuma hayaƙi ya cinye mata ido, da dare ba ta ganin allura.

Alhaji na Jidda: Allah ya ba ta lafiya. Maganin ido wannan daban ne, a turo mini kuɗinsa ni kaɗai.

Hajiya ta Makka: To ka ga, Alhaji, nan ne muke raba hanya da kai. Ka yarda ka ba ta don tana da ciwo, ba ka yarda ka ba ta don ta yi aiki ba. Wato sai ta zama abin tausayi sannan hannunka zai buɗe.

Auta na Riyad: Hajiya, wannan ta yi zafi.

Hajiya ta Makka: Zafin bai kai na murhu ba, ɗana.

Kawu: A bari Malam ya yi magana, yana nan yana karantawa.

Malam Liman: Ina nan. Na yi shiru ne don kowa a cikinku ya riƙe wani gefe na gaskiya. Batun cewa karɓar kuɗi yana ɓata lada, wannan Alhaji bai tsaya a kan ƙasa mai ƙarfi ba. A aya ta 60 ta Suratut Tauba, cikin mutum takwas da aka ce a ba su zakka har da masu aikin tattara ta. Kuma ya zo a Bukhari da Muslim cewa wani sahabi ya yi wa Sayyidina Umar aiki, da aka zo ba shi haƙƙinsa sai ya ƙi karɓa, yana ganin don Allah ya yi. Umar ya sa shi ya karɓa, ya gaya masa shi ma ya taɓa yin irin haka a zamanin Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, aka umarce shi ya karɓa, in ya so ya ci, in ya so ya yi sadaka. Sayyidina Abubakar ma da ya zama halifa sai da aka yanka masa abin da zai riƙe iyali daga baitulmali, don kada kasuwa ta ɗauke shi daga hidimar jama'a. Wa zai ce ladan Abubakar ya ragu?

Amma ɗaya gefen, Malama, ki saurara. Kuɗin da mutum ya bayar ya ce na abinci ne, amana ne a hannun Ma'aji. Ba shi da ikon juya shi zuwa wani abu, ko da alheri ne, sai mai kuɗin ya yarda. A nan Alhaji yana da gaskiya ɗari bisa ɗari.

Malama: Allah gafarta Malam, na karɓa. Tambaya ɗaya: kuɗin niƙa na abinci ne ko ba na abinci ba ne?

Malam Liman: Na abinci ne, tunda ba a cin dawa tsaba.

Malama: Garin ma ba a cinsa ɗanye.

Malam Liman: Kin kama ni. Amma mai injin niƙa kowa ya san ana biyansa tun ranar da ya turo kuɗi, al'ada ta riga ta faɗa masa. Masu girki kuwa an sanar da jama'a sa kai suke yi. Abin da aka sanar shi ne sharaɗi. A sake sanarwa, sai hukunci ya canja.

Hajiya ta Makka: Yanzu bari in ba ku mamaki, ni ma ban gama yarda da shawarar Malama ba, amma ba don dalilin Alhaji ba. Na yi shekaru ina riƙe adashin mata, wanda ku can kuke ce wa sanduƙ, na san abin da kuɗi ke yi idan ya shiga tsakar gida. Na farko, ranar da aka ji akwai albashi a gindin tukunya, ranar maza za su koyi girki. Za ku ga wani babba a unguwa ya kawo ƙanwar matarsa, wani ya kawo ɗan wansa ya zama mai kula da masu girki, a ture su Goggo da suka sha hayaƙi tun babu ko sisi. Na biyu, wata a cikin tara ɗin nan kuɗin ba zai kwana a hannunta ba. Maigida na zaune ba aiki tun da aka yi hijira, yana jin an biya zai miƙa hannu, kuma ba za ta iya hana shi ba. Ba zagi nake yi ba, kowa ya san gidan da nake nufi ko irinsa.

Kawu: Hajiya, ki bar mu mu sha ruwa.

Ma'aji: Akwai kuma abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya. Kun ga yadda takiyyoyi da yawa suka rufe a farkon 2025 da Amurka ta dakatar da tallafinta. Tamu ta tsira ne don ba ta dogara da kowa ba sai ku. Idan na yi wa mata alkawarin wata-wata, sannan wani wata riyal bai zo ba, me zan ce musu? Mai sa kai ba ya bin ka bashi. Ma'aikaci yana bi.

Malama: Duk na ji, kuma maganar Hajiya ta shige ni. Amma akwai waɗanda ba a ambata ba tun da aka fara, kuma saboda su na tayar da zancen. Idan uwa tana takiyya, wa ke riƙe gida? 'Yarta. Wa ke goyon ƙani, wa ke bin layin ruwa, wa ke ɗaukar farantin gyaɗa zuwa kasuwa don a samu kuɗin sabulun da Goggo ta faɗa? 'Yarta. Yara sun yi fiye da shekara ba makaranta saboda yaƙi. Da aka buɗe, 'yan mata uku daga gidajen masu girkin nan ba su dawo aji ba, ni na bi su gida ɗaya bayan ɗaya. Ɗaya a cikinsu ita ce take rubuta muku saƙon Goggo yanzu, ku dubi rubutunta ku gaya mini ko wannan ta talla ce. Wato sadakar da muke alfahari da ita, akwai mai biyan wani kaso nata da ba ta cikin lissafin Ma'aji, kuma ba a tambaye ta ba. A ƙasar da Babikir Badri ya buɗe wa 'yan mata makaranta a gidansa a Rufa'a tun 1907, abin da ya haifi jami'ar Ahfad, mu a ce muna ciyar da unguwa da karatun 'ya'yanmu?

Kawu: Ba sai mun je Rufa'a ba ma. Mu da kakanninmu suka biyo Mai Wurno, ɗan Sarkin Musulmi Attahiru, zuwa Sudan bayan yaƙin Burmi na 1903, Nana Asma'u tamu ce. Ita jajis take naɗawa su shiga ƙauyuka su karantar da mata. Wannan dai na faɗa ne don kada a ce sai mun aro.

Auta na Riyad: Ban san da maganar yaran ba. Amma Malama, ko an biya uwar, yarinyar ce dai za ta yi goyo, tunda uwar tana gaban wuta.

Malama: Goyo e, talla a'a. Kuma mata tara idan akwai abin sallama za a iya raba su kashi biyu, kowa ta yi kwana uku ta huta, a ƙaro wasu. Yanzu ba mai shigowa, don kowa ta ga abin da ya samu na ciki.

Hajiya ta Makka: To ni ga tawa. Kada a kira shi albashi, kada a miƙa a hannu. A buɗe asusu daban, wanda ya ga dama ya zuba. Rabi ya tafi kai tsaye makaranta, littafi da kayan makaranta da kuɗin jarrabawar yaran. Rabi ya shiga sanduƙ na su tara ɗin, duk wata ɗaya ta kwasa ta ja jari. Masu shayin Khartoum da haɗa kai suka tsaya da ƙafarsu, Awadiya Koko da aka karrama a Amurka a 2016 ai mai shayi ce, ƙungiya ta kafa musu. Kuma sunayen tara ɗin a rubuta yau, kafin labari ya fita.

Malama: Hajiya, mai amalanke an ce masa ga yadda zai kashe nasa? Shi a hannu ake ba shi. Su kuma sai mun tsara musu kamar yara.

Hajiya ta Makka: Shi ba mai ƙwace masa. Ki tambaye su, in sun ce a hannu suke so, na janye.

Alhaji na Jidda: Na karanta duka. Ban sauka daga maganata ba: abin da na riga na turo na abinci ne, Ma'aji kada ka taɓa ko fam ɗaya. Kuma har yanzu ina tsoron ranar da za a ce ba a biya ba, ba a ɗora tukunya ba. Asusu daban kuwa ba ni da ikon hana kowa. Ko zan sa hannu a ciki, sai na yi shawara da zuciyata. Yarinyar da ke rubutun nan, aji nawa ta tsaya?

Ma'aji: Za a gaya muku a gefe, Alhaji. Jama'a, ranar Juma'a bayan la'asar za mu zauna da matan su faɗi da bakinsu, sannan a kawo nan a ƙuri'a.

Goggo: Goggo ta ce Allah ya kai mu Juma'ar. Ta ce amma kafin Juma'a akwai gobe. Biyu daga cikin tara ɗin sun bi mota zuwa yankan riɗi tun jiya, can kullum ake sallamar mutum, sai an gama kaka za su dawo. Ta ce su bakwai ba za su iya tukunya huɗu ba. Ko a samo hannu kafin asuba, ko Ma'aji ya zo da kansa ya faɗa wa mutanen layi cewa gobe uku za a ɗora.