Zafi da ɗauke wuta sun hana ni gama sabunta Gentoo

ɗan_garwa:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Gentoo nake amfani da shi, wato nau'in Linux da injinka ke haɗa manhajojinsa da kansa, a tsohuwar laftof mai RAM 4GB, wata biyar ban sabunta ba saboda kuɗin data. Jiya na yi emerge --sync sannan emerge -avuDN @world, umarnin sabunta komai ke nan, sai ya jero min fakitin manhaja sun fi 300. Na bar shi yana aiki, tsakar dare yana kan qtwebengine, wani ƙaton fakiti mai cin lokaci, aka ɗauke wuta, batir ɗin dama ba ya riƙewa, shi kenan aikin awa tara ya tafi. Ga zafin Afrilu, fanka tana ta ihu, ƙasan injin ba ya taɓuwa har sai da na ɗora shi kan bulo biyu. Don Allah ku yaya kuke yi?

baffan_marwa:
Wa alaikumus salam ƙanena. Wata biyar ɗin nan shi ne ciwon, Gentoo ba a tara masa aiki, ni duk Juma'a bayan la'asar nake yi, fakiti goma ko ashirin an wuce wurin. Yanzu dai ka fara da eselect news read don karanta sanarwar Gentoo, wallahi mutane suna tsallake wannan kuma nan ake faɗin abin da zai karye. Sai emerge --resume, waɗanda ya gama ba zai maimaita su ba, qtwebengine ɗin ne kawai zai ɗauko daga farko. MAKEOPTS, wato yawan ayyukan da zai yi a lokaci ɗaya, ka mayar -j2 ya zama biyu, kowane aiki ɗaya yana iya cin 2GB, in ka wuce haka injin shaƙewa zai yi.

kusuri_linux:
Baffa ya faɗi gaskiya, amma me ya sa za ka dafa qtwebengine da kanka a wannan zafin? Tun Disamba 2023 Gentoo suna ba da fakiti haɗaɗɗu, ka sa getbinpkg a saitin FEATURES don ya ɗauko su, in dai USE ɗinka, wato zaɓuɓɓukan da ka kunna wa fakiti, sun yi daidai da nasu saukewa kawai zai yi. Firefox da rust ma akwai firefox-bin da rust-bin. Kuma ranar da ka samu intanet mai kyau ka ƙara -f ya kwaso komai ya ajiye, haɗawa sai lokacin da wuta ta zauna.

ɗan_garwa:
Na gode Baffa, na gode ɗan uwa. Na sa getbinpkg, saura 41 zai haɗa da kansa. In ya gama, depclean mai share fakitin da ba a buƙata zan fara, ko dispatch-conf mai daidaita fayilolin saiti?

baffan_marwa:
dispatch-conf tukuna. Shi depclean ka sa masa -a, ka karanta jerin da idonka kafin ka amsa, ya taɓa kwashe min fayilolin tushe na kernel ɗin da nake kai, wato zuciyar Linux ɗin.