Wa ya "ƙwace" yaran, kuma wa zai ciyar da su?

Maman Ilham: Jama'a, abin nan ya ishe ni. Mutum ya saki mace da 'ya'ya huɗu, ya ƙwace manyan ya kai wa amarya, ya bar mata na goye ba ko sisi. Ta je kotu a yanka masa abin da bai kai kuɗin koko ba, shi ma ya biya wata ɗaya ya sulale. Ni dai a yi doka, duk ma'aikacin da ya yi saki a riƙa cire kuɗin ciyarwa daga albashinsa tun bai shiga asusunsa ba. Mai ja ya fito.

Abu Hafsa: Hajiya, gyara bakinki. Uba ba ya ƙwace ɗansa. Abin da ba naka ba shi ake ƙwacewa. Sunan wa yaron yake amsawa?

Barista Hadiza: Malam Abu Hafsa, nasaba daban, riƙo daban. A Malikiyya, wadda kotunanmu ke hukunci da ita, riƙon yaro na uwa ne: namiji har ya balaga, mace har ta yi aure ta tare. In haƙƙin uwa ya faɗi, kakar wajen uwa ce, sai yayar uwa ko ƙanwarta, sai kakar wajen uba, sannan a zo kan uban. Wanda ya ɗauke ɗan shekara biyar daga hannun uwarsa ba hukuncin alƙali, me za a ce ya yi?

Abu Hafsa: Ya ɗauka. Ƙwace na ɓarayin waya ne.

Malam Ɗanlami: Barista ta faɗi rabi ta haɗiye rabi. Haƙƙin yana faɗuwa in ta auri wanda ba muharramin yaron ba kuma suka tare, sai fa in mai bi mata a riƙon ya sani ya yi shiru har shekara. Haka in uban zai ƙaura da zama zuwa nisan barid shida, wato ma'aunin nisan tafiya a fiƙihu. Yana nan a Mukhtasar, littafin fiƙihun Malikiyya. Kuma yawancin zawarawa ba sa daɗewa suke sake aure. To ina ƙwacen?

Barista Hadiza: "Yawanci" a wane lissafi, Malam? Ko da ta yi auren ma, wajen kaka yaron zai koma, ba ɗakin amarya ba.

Ɗan Fagge: Duk wannan da an bar Sarki Sanusi da tuni an wuce wajen. Tun Fabrairun 2017 ya fito da maganar dokar iyali, aka yi masa ca wai zai hana talaka ƙara aure. Har aka sauke shi a Maris 2020 ba ta zama doka ba. Mun san masu hannu.

Na Gwammaja: Kai dai faɗi jam'iyyarka mu huta. Wa ya sa hannu a dokar kare yara ta Kano a 2023? Ganduje ne.

Ɗan Fagge: Yana shirin fita daga gidan gwamnati ba. Dokar gwajin lafiya kafin aure fa, ta 2024? Wa ya sa mata hannu?

Na Gwammaja: Gwajin jini shi zai sayi garin tuwo?

Barista Hadiza: Don Allah ku bari. Maman Ilham, cire kuɗi daga albashi ba zai kama ɗan kasuwa da ɗan adaidaita sahu ba. Inda mata ke faɗuwa a kotu ya fi wannan. Mace ta je da takardar saki, takardun haihuwa, rasit na makaranta da na asibiti, da shaidar sana'ar mijin, don alƙali da ƙarfin uba yake yankewa, kamar yadda aya ta 7 ta Suratuɗ Ɗalaƙ ta ce. Kada ta karɓi kuɗi a dunƙule, ta nemi a rarrabe: ci, sutura, makaranta, magani, muhalli. A rubuta ranar biya, a biya ta banki ko ta hannun magatakarda, saboda kuɗin hannu da hannu shi ke jawo "na ba ki", "ba ka ba ni ba". In farashi ya tashi tana da damar komawa a ƙara. Sulhun Hisba yana da kyau, amma in ya saɓa, kotu ce mai tilasta shi.

Abu Hafsa: Duk na ji. Ta janye "ƙwace" tukuna.

Maman Ilham: Ban janye ba. Ko a akuya aka raba ɗa da uwa sai unguwa ta ji kuka.

Malam Ɗanlami: Yanzu kuma awaki muka zama?

Alhaji Admin: To, ya isa. Abin da aka cimma: malamai sun tabbatar riƙon uwa yana da sharuɗɗa kuma yana faɗuwa, don haka kalmar "ƙwace" ba ta dace da iyaye maza ba. 'Yan'uwa mata a riƙa tauna magana. Barista ma ta yarda dokar albashi ba za ta yi aiki ba. Masu siyasa ku koma zaurenku.

Barista Hadiza: Alhaji, cewa na yi ba za ta kama kowa ba.

Alhaji Admin: Duk ɗaya ne. Na rufe zaure sai bayan Isha'i.