Wanda ya taɓa ratsa Tenere zuwa Bilma ya ba mu labari

Ɗan Birni: Assalamu alaikum mutanen Damagaram. Ni da abokaina uku muna shirin zuwa Bilma cikin Janairu, ta Agadas, da jagora, kwana takwas zuwa da dawowa. Tun ina yaro nake ganin kantun gishiri a kasuwar Dole, amma iyakata Tanut. Wanda ya taɓa bin hanyar ya faɗa mana abin da idonsa ya gani.

Tsohon direba, Garin Malam: Wa alaikumus salam ɗana. Kafin ka tambayi kuɗi, tambayi mota nawa za ku tashi da ita. In ya ce ɗaya, ka yi masa godiya ka nemi wani. Mu an taɓa yi mana haka. Jagoran ya rantse motarsa lafiya lau take, muka wuce Fashi da rabin yini, sai ta tsaya cak. Kwana biyu muka yi a gindinta muna auna ruwa da kofin shayi, har Allah ya kawo wata babbar mota. Daga Agadas zuwa Bilma kusan kilomita 600 ne, mafi yawansa rairayi ne da ba alamar hanya. Ka ƙirga jarkokin ruwa da na mai da idonka. Ka ga tayar ajiya biyu, da shebur, da farantan ƙarfen da ake sa wa taya in ta nutse, da wayar tauraron ɗan adam. Batun takardu da rakiyar sojoji kuma ku gama shi a Agadas, kada wani ya ce muku akwai gajeriyar hanya.

Malama, Sabon Gari: Baba ya gama maganar mota. Ni sanyi ne ya ba ni mamaki. Mun saba da hunturun Damagaram, na ɗauka bargo ɗaya zai isa. Da asuba yatsuna sun ƙi lanƙwasuwa wajen alwala. Ku ɗauki bargo biyu, da safa, da rawani saboda ƙura, da man shafawa don leɓe.

Amma wallahi da muka isa Kalala, kusa da Bilma, na manta da wahalar. Ramuka ne birjik cike da ruwan gishiri, wani ja, wani ruwan ɗorawa. Rana na shanye ruwan, gishiri na yin ɓawo a sama, ana fasa shi ya nutse ƙasa. Farin da ake kira beza shi ne na miya. Kantu kuwa na dabbobi ne, ana cakuɗa shi a zuba cikin kututturen dabino da aka rarake, a kife a rana ya bushe. Na daɗe tsaye ina kallon ƙafafun masu aikin, duk gishiri ya tsattsage su. Tun ranar ban ƙara taya kantu da wulaƙanci ba. A hanya kuma jagoranmu ya tsaya da mu inda itacen Tenere yake a da, wato itacen nan ɗaya tilo a tsakiyar hamadar, wanda mota ta ture a 1973. Na ƙarfe ne a wurin yanzu, gangar jikin itacen na ainihi tana gidan tarihi na Yamai.

Injiniya, ɗan Zango: Ban je Bilma ba, amma aikin ma'adinai ya kai ni Chili, na yi tafiyar kwana uku daga San Pedro de Atacama zuwa filin gishirin Uyuni a Boliviya. Faɗinsa ya haura murabba'in kilomita 10,000, yana kuma bisa tudu na mita 3,600 da ɗoriya. A hanya mun hau kusan mita 5,000. Ku tuna dutsen da ya fi kowanne tsawo a Nijar, can Bagzan, mita 2,022 ne. Iska ba ta isar huhu, kaina ya yi ta sara, taku goma sai haki. Direbanmu ya lura kafin in yi magana, ya hana ni gudu, ya yi ta ba ni ruwa, ya bar mu muka kwana ƙasa-ƙasa. Hasken gishirin kuma yana kashe ido, sai da baƙin tabarau. Ku ma ku tafi da shi.

Hajiya, Zango: Mahaifina da Buzayen ayari yake ciniki, gero ya ba su, su ba shi gishiri da dabino. In kun gamu da ayari ku gaida madugu tukuna, kada ku ɗaga waya kuna ɗaukar hoto ba izini. Ku riƙe shayi da sukari na kyauta. Ku sayo mini dabinon Fashi.

Ɗan Birni: Na gode iyayena. Na kira jagoran yanzu, ya ce mota ɗaya ce, ta biyu sai mun ƙara kuɗi. Baba, mu ƙara?

Tsohon direba, Garin Malam: Ku ƙara, ko da za ku rage kwana ɗaya. Kuma ka ce masa kana son ganin direban ta biyun a Agadas kafin ku loda kaya.